Indararon Alhaji da zuwana caji ofis

A daminar bara maƙwabcinmu a Gwammaja ya ɗora bene, ya juyo indararonsa kan katangarmu. Katangar ƙasa ce, tun ta kakanmu. Da ruwan Agusta ya kankama, gefen ɗakin Inna ya zabtare cikin dare. Gari na wayewa, ko sallama ban yi wa mutumin ba, na wuce caji ofis. Har yau idan na tuna sai na ciji yatsa.

A gaban 'ya'yansa da 'yan majalisar ƙofar gidansa aka zo aka kira shi. Muna isa, 'yan sandan suka ce wannan maganar maƙwabta ce, mu koma gida a sasanta. Sai dai Alhaji ya riga ya rantse a kotu za mu ƙare, matansa suka daina shiga gidanmu, ko zuwa ɗibar wuta aka hana yara.

Inna ce ta tura ni wurin mai unguwa. Bai haɗa mu ba sai da ya ji ta bakin kowa shi kaɗai, ya kuma turo magini ya duba katangar. Ranar zama, bayan la'asar a zaurensa, liman na gefe, maganar indararo ko minti goma ba ta ci ba: Alhaji zai sa bututu ya sauke ruwan cikin kwata, ya sayi siminti, ni in biya magini. Sauran zaman har kiran magariba duk a kan caji ofis ya ƙare.

"Ranka ya daɗe, yaron nan a gabana aka yanka ragon sunansa," in ji Alhaji, muryarsa na rawa. "Da ya turo min ko ƙaninsa, wallahi da na gyara."

Ni da na zo a matsayin wanda aka cuta, ni na durƙusa na ce, "Baba, a yafe min." Ban ji daɗi ba, don katangata ce ta faɗi, amma ya fi ni gaskiya a nan.

Wanda ya ga abin ya fi ƙarfin mai unguwa, akwai dagaci, akwai Hisbah, duk suna sulhu. Ni dai na tsallake su gaba ɗaya. An gyara katanga, muna gaisawa a masallaci, amma kunun da gidansa ke aiko wa Inna duk azumi, bana bai zo ba.