Sakkin Kaka

Ranar da aka shafa lambar rusau da jan fenti a bangon gidanmu, Gwaggo ce ta kira ni. "Kai ne mai boko, zo ka karanta mana abin da aka rubuta." Na baro Jidda bayan la'asar, na tarar da maƙwabta cike da ƙofar gida, kowa da nasa labarin.

Gidan kakanmu ne, a wani lungu bayan Shari' Mansur a Makka. Daga Kano ya taso, ya ratso Sudan, ya tsallako teku ta Sawakin, ya zauna har ya samu takardar ɗan ƙasa. Shi ya sa muke da sakki, takardar mallaka, abin da yawancin Takarin lungun ba su da shi.

Irin wannan aikin rusau haɗin gwiwa ne. Hukuma ke da ikon karɓar fili don amfanin jama'a, a lokacin kwamitinta ke yanke ƙimar diyya, kamfani kuma ya kawo kuɗi, ya rushe, ya gina otal da kasuwa. Mun ga haka a Jabal Umar da ke daf da Harami, inda aka kafa kamfani a 2007, masu gidaje da dama suka shiga da gidajensu a matsayin hannun jari. Don haka na ɗauka ciniki zan je yi da kamfanin da ya samu unguwarmu. Har jawabi na shirya a raina.

Ashe ko ƙofar ciniki ban kai ba. Ma'aikacin da na tarar a ofis ya duba sakkin ya ce, "Mai wannan suna yana ina?" Na ce ya rasu tun ina firamare. Ya miƙo mini takardata.

Laifinmu ne, ba na kowa ba. Shekara da shekaru ba a raba gado ba, don ba mai son a ce shi ya fara maganar. Sai da na je kotu neman takardar ƙididdige magada, da shaidu biyu da suka san Kaka, su ma ɗaya da kyar yake tafiya. Sannan kowane magaji ya ba ni wakala. Kawu yana Madina, wata 'yar Gwaggo tana aure a Kano, tata wakalar sai da ta bi ta ofishin jakadanci. Ɗakuna biyu da Baba ya ɗora a sama babu izinin gini, sai ga shi sun zama abin jayayya wurin awo. Wata goma sha ɗaya ina yawo da jaka.

Da ƙima ta fito, Kawu ya ce a kai ƙara Diwanul Mazalim, kotun da ke sauraron ƙorafi kan hukuma, tunda doka ta ba da kwana 60. Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, kuɗin lauya da jiran zai cinye abin da muke nema." Har yau in mun haɗu sai ya tuna mini.

Abin da ban sa a lissafi ba sam shi ne masu haya. Iyalai uku ne a ƙasan gidan, masu iƙama, wato takardar izinin zama, ɗaya mai tsire ne da ya fi shekara 20 tare da mu. Sunansu bai shiga kowane fom ba. Da aka sa ranar yanke wuta, mu muna da diyyar da muke jira, su sai neman ɗaki a gari da haya ta tashi. Na yafe musu wata uku na ɗauko musu mota, ban kuma ga na yi wani abin kirki ba.

Gwaggo yanzu tana unguwar Shara'i', a bene mai lif da na'urar sanyaya ɗaki, ba kwata, ba hawan dutse. Da can da ƙafa take zuwa asuba a Harami. Yanzu sai ranar Juma'a, in na samu zuwa, nake ɗaukarta. In mun zo wucewa ta tsohuwar unguwarmu takan ce in rage gudu, ta nuna wani shingen kwano ta ce nan ne, ni kuwa na san ta kuskure da layi biyu.