Yadda muke zagayawa da maziyarta unguwar Mellah a Fas

Aikin ƙaramin kamfaninmu shi ne kai jama'a ziyarar zawiyyar Shehu Tijjani a Fas, ƙasar Maroko. Idan rana ɗaya ta rage, mukan ware awa biyu mu kai su Mellah, tsohuwar unguwar Yahudawa da ke manne da fadar sarki a Fas Jadid, wato sabon ɓangaren birnin. Masana tarihi da yawa suna cewa a 1438 aka mayar da Yahudawan birnin can. Sunan kuwa daga kalmar gishiri ta Larabci ya fito.

Daga tsohon gari tasi ake shiga. Jajayen ƙananan tasin Fas mutum uku kacal suke ɗauka, don haka ayarin mutum goma sha biyu sai mota huɗu, kuma a gaya wa kowane direba ya sauke su a dandalin ƙofofin tagulla na fada. In ba haka ba, wasu su sauka wata ƙofar gari, Bab Semmarine, a ɓata rabin awa ana neman juna.

Abin da muke fara nuna wa mutane shi ne benaye. Gidajen Musulmin tsohon gari tsakar gida suke kallo, waje sai bango, kamar dai ginin zaure da shigifa. Na Mellah kuwa barandarsu ta katako kan titi take leƙowa. Daga nan sai wurin ibadar Yahudawa na Ibn Danan, ginin ƙarni na 17. Ƙarƙashinsa akwai kwarmin wankan tsarki, matakalarsa matsattsiya ce, mutum biyu-biyu muke saukarwa, mai ciwon gwiwa kuma ya haƙura. A riƙe canjin dirhami na mai gadi. Maƙabartar Yahudawa mai fararen kaburbura ita ce ta ƙarshe, inda kabarin Lalla Solika yake, wata budurwa Bayahudiya da aka kashe a 1834.

Kuskuren da 'yan rakiya suka fi yi shi ne cewa babban malamin Yahudawan nan Musa bin Maimun a Mellah ya zauna. Ya yi zaman Fas wajen 1160, tun ba a gina Fas Jadid ba, sai a 1276.

Ba ma sa zagayen ranar Juma'a, domin shagunan zinariya da mata suka fi so a rufe ake tarar da yawancinsu. Sana'ar a hannun maƙeran Yahudawa take a da. Tun da suka yi ƙaura bayan 1948, Musulmi ne a shagunan.