Ka ja ta kafin ka rufe bwat

Ranar da maigidana ya fara sakina in tafi aiki ni kaɗai, gani nake na gama sanin kuran. Shekarata uku ke nan da barin Tawa, ina biye da shi a Yamai da jakar kaya a kafaɗa, daga shagonsa na wajen Katako zuwa duk inda aka kira mu. Na iya fasa bango, na iya zura waya cikin tiyo, na iya jera dijonkta, masu yanke wuta in an samu matsala, a tablo, akwatin da ke raba wa gida wuta. Abin da na raina shi ne domino, ƴar robar nan ta haɗa wayoyi da ake yankowa daga sanda mai gida goma sha biyu, kowane gida da ɗan bututun tagulla a ciki da bis biyu a sama. Kuɗinta bai kai na shayi da burodi ba, amma saura ƙiris ta sa in ƙone gidan mutane.

Wata Hajiya ce a Bukoki mai sayar da ƙanƙara da zoɓo. Bazara ta shigo, ciniki ya buɗe, ta ƙaro firigo na biyu, tana son a fitar mata da sabuwar piriz a zaure. Na hau kujera na buɗe bwat ɗin da ke saman ƙofa, wato ɗan akwatin da wayoyi ke haɗuwa a ciki, na tarar da wayoyi masu tauri, ƴan 2.5 (lambar kaurin waya ke nan), biyu-biyu cikin kowane gida na domino. Ni kuwa abin da ya rage mini a jaka waya ce mai laushi, mai silli-silli kamar gashi, ƴar 1.5. Na tuna ranar da ake ƙwallawa a waje, na tuna kuɗin taksi zuwa kasuwa da dawowa, na ce ai kuran bai san bambanci ba. Na sassauta bis, na cusa tawa ta zama ta uku a rami guda, na murɗa har turnabis ya tsaya. Na naɗe da sikoc, na rufe, na ɗaga dijonkta. Firigo ya fara gurnani. Hajiya ta sa mini albarka, ta haɗa ni da zoɓo mai sanyi a leda.

Kwana tara aka yi. Ran na goma bayan la'asar aka aiko yaro da gudu, wai mu zo zaure na wari. Jikarta ce ta fara ji, ta ce kamar ana ƙona roba a bango. Muka tarar da marfin bwat ya yi baƙi ya lanƙwashe, ga tabarmi da buhun ledoji jingine a ƙarƙashinsa. A ƴan kwanakin nan an ƙara wa piriz ɗin ralanj, samarin gidan na guga a kai, ana kuma dafa ruwan zafi. Maigidana ya sauke dijonkta, ya ɓamɓare marfin. Domino ta narke ta dunƙule, tagullar ciki ta fito tsirara ta yi baƙi ƙirin. Sai ya sa yatsu biyu ya kama wayata, bai ko taɓa bis ba, ta zaro sulluɓ. Ashe bis ɗin a kan manyan wayoyin nan biyu ya zauna, tawa ta zame gefe ta laɓe, silli huɗu ko biyar kawai suka ɗan matsu.

Ya juya ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, laifinmu ne, mu za mu gyara." Wannan "laifinmu" ta fi mini zafi da a ce ya mare ni. Sai da muka fito titi ya ce, "Yaro, da ka ɗaure, ka ja ta?" Na ce wallahi na ɗaure tam. Ya ce, "Ba ɗauri na tambaye ka ba. Ka ja ta?"

Kafin mu fito Hajiya ta yi wata tambaya da ya kamata kowane ɗan koyo ya iya amsawa. Ta ce, "To malam, shi abin nan da kuka ce yana yanke wuta in an samu matsala, me ya hana shi yankewa?" Amsar ita ce dijonkta yawan kuran da ke wucewa yake lissafawa, ba ruwansa da zafin da ke taruwa a wani lungu. In faz da nitir, wato wayar da ke kawo wuta da wadda ke mayar da ita, suka haɗu, ko aka ɗora wa layi kayan da suka fi ƙarfinsa, zai faɗi. Amma haɗin da ya yi sako-sako ba ya ƙara kuran ko kaɗan, hanya kawai yake matsewa, kamar a ce duk mutanen kasuwa su fita ta ƙofa guda. Ku ɗauki alƙalami: ampiya 10 a haɗin da turjiyarsa ta kai rabin om, wat 50 ke nan na zafi zalla. Kusan tsohon anful ɗin nan na wat 60 da ba ya taɓuwa da hannu, a kunna shi a kulle cikin abin da bai fi kan ɗan yatsa ba. In kuran ya ninka biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Robar da ke jikin wayar gida kuwa digiri 70 aka yi ta ta jure. A Yamai, a Afrilu da Mayu, inuwa ma tana haura 40, balle bwat da ke maƙale ƙarƙashin kwano.

Kuma abin ci gaba yake yi. Ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, ya huce ya tsuke, bis ya ƙara saki. Fuskar jan ƙarfen ta yi baƙi, baƙin ya ƙara tare hanya, zafi ya ƙaru. Shi ya sa irin wannan aiki ba ya tona asirin mai shi ranar da aka yi shi. An biya ka, ka ci kuɗin, ka manta, sannan ya tashi.

Tun daga ranar ban sake rufe bwat ba sai na kama kowace waya ɗaya-ɗaya na fizga, ba duka a dunƙule ba, don mai ƙarfi tana rufa wa sakakkiya asiri. Ban kuma sake haɗa mai tauri da mai laushi a ƙarƙashin bis guda ba, ko babba da ƙarama. Kowace ta shiga ta nata ɓangaren, nata bis ya danne ta. In wayoyi sun yi yawa, a ƙaro gida ko a sa domino mai girma, akwai ta 4, ta 6, ta 10, ta 16 har sama. Layin piriz kuma waya ƴar 2.5 ake ja masa da dijonkta mai ampiya 20, fitilu ƴar 1.5 da 16 ko 10. Ni da na rataya 1.5 a bayan dijonktan piriz, ko da haɗin ya yi kyau na riga na yi laifi na biyu.

To sai na faɗa ɗaya ramin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: na koma murɗa bis da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, har ina kama ƙotar turnabis da fensa. A wani shagon tela na yi haka, washegari rabin kekunan ba wuta. Bakin bis ya huda wayar ya latse ta, da na tura domino cikin bwat ta ƙarasa karyewa, tana riƙe da fatar roba kawai. Wani lokacin zaren bis ɗin ne ke cinyewa, ka ji yana juyawa ba iyaka, kai kuma ka ce ya ɗauru. In ka ji haka, yanke gidan ka yar. Ɗauri mai kyau a hannu ake jinsa: ka murɗa har ya tsaya, ka ɗan motsa wayar ta zauna, ka ƙara masa kaɗan, ka bar shi. Ka kuma nemi turnabis da bakinsa ya cika tsagar bis ɗin. Ƙarami yana cinye tsagar, babba yana tsaga robar da ke kewaye, alhali robar nan ita ce katangar da ke tsakanin faz da nitir.

Fiɗar waya ma wuri ne da muke ɓarna. Mun taso muna fiɗa da reza, da wuƙa, wasu har da haƙori. Reza tana barin ɗan zane a jikin jan ƙarfe wanda ido ba ya gani, nan wayar za ta karye in an lanƙwasa ta sau biyu. A mai laushi kuwa silli take zubarwa, ƴar 1.5 ta koma ƙasa da haka ba ka sani ba. Fensar fiɗa ba ta da tsadar da za a ce ta gagari mai sana'a. Tsawon fiɗar kuma a gwada da bututun: in ta yi gajarta, bis zai danne roba maimakon ƙarfe, ka ja ka ji tam amma kuran da ƙyar yake ratsawa, in ta yi tsawo, jan ƙarfe zai leƙo waje yana jiran yatsan wanda zai buɗe bayanka.

Akwai wata dabara da wani mai gyaran rediyo ya koya mini, na daɗe ina alfahari da ita: a shafe bakin waya mai laushi da dalma ta zama sanda guda kafin a ɗaure. A ido gwanin kyau. Sai dai dalma ba ta da ƙashi, in bis ya danne ta sannu a hankali take bajewa, bayan wata shida ka tarar da haɗin na rawa. Abin da ya dace shi ne ɗan bututun nan siriri da ake zura sillin a ciki a matse da fensarsa, wanda masu kaya ke kira ambu. In babu, a murɗe sillin sosai, a ninka bakin in ramin ya yi masa yawa, a tabbata ba ko ɗaya da ya tsere waje.

Sayayya kuma, araha ba ta ado. Na taɓa kwaso domino mai sauƙin kuɗi, bayan damina guda na buɗe na ga tsatsa ja a cikinta. Tagulla ba ta irin wannan tsatsa. Baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi. Yanzu da ɗan mayen ƙarfe nake zuwa kasuwa. Bis ɗin yana iya kamawa, don da yawa na ƙarfe ne ko a masu kyau, amma in na cire bis bututun kansa ya manne, na ajiye. Waya ma ina kankare bakinta da wuƙa. In jan ya tafi fari ya bayyana, alminiyam ce aka yi wa riga, ba ta ɗaukar abin da jan ƙarfe mai kaurinta ke ɗauka, ga saurin karyewa a ƙarƙashin bis. Alminiyam da jan ƙarfe kuwa ba a cusa su rami guda, da danshi ya shiga sai alminiyam ta fara cinyewa ta zama farin gari. Wayar da ke saukowa daga poto galibi alminiyam ce, amma daga kwantar zuwa sama hurumin kamfanin wuta na ƙasa, NIGELEC, ne, ba na ɗan koyo ba. Inda kuma zafi ke da yawa, kamar bayan tanda ko tukunyar ruwan zafi, dominon tangaran ake sawa, na roba narkewa zai yi ko ɗaurin ya yi kyau.

Ƙannena masu aikin sola, ku wannan magana ta fi shafa. Na ga yadda ake raina 12 bolt a ƙauyukanmu na Adar, wai ba ya kama mutum. Gaskiya ba ya kamawa, amma kayan wat 120 da ke jan kusan rabin ampiya a 220, ampiya 10 yake ja a batir. Ku koma kan lissafin da muka yi a sama. Ga shi sau da yawa ba fiz ba komai da zai yanke wuta tsakanin batir da ɗakin da aka yi wa rufin kara.

Samarin yanzu suna tambayata batun Wago, ƴan ƙananan nan na kamfanin Jamus masu ɗan hannu ruwan lemo da ake ɗagawa a mayar. Ina amfani da su, ba na jin kunyar faɗa. Ƙaramin samfurin 221 yana karɓar mai tauri da mai laushi har ƴar 4, kowace waya da nata rami, ana fiɗe milimita 11, jikinsa kuma garau yake ana hango ko wayar ta kai ƙarshe. Sifirin ne ke danne wayar, ba ya saki kamar bis. Da shi ne a hannuna ranar nan a Bukoki da rabin kuskurena bai auku ba. Sai dai kwaikwayonsa ya cika kasuwa, kuma shi ma ina jan wayar bayan na mayar da hannun.

Abu biyu da ba na yafe wa yaran shagona. Ɗaya, binne haɗi cikin siminti. Ƙa'idar Faransa da aka koyar da mu da ita, NF C 15-100, ta ce haɗi ya zauna inda za a iya kai masa hannu, kuma ko ba ƙa'ida hankali ma ya ba da haka. Na biyu, taɓa waya don an ɗauke wuta. Na yi wannan sau ɗaya a Talaje, ina kan tsani da turnabis a cikin domino aka maido kuran, na tsinci kaina a ƙasa da targaɗe a wuyan hannu. Sauke dijonkta da hannunka, ka gwada, ka gaya wa mutanen gida kada kowa ya ɗaga. Ɗan testa mai fitila ma kada ka yarda da shi a tsakar rana, haskensa ba ya ganuwa. Kare shi da tafin hannu, ka fara gwada shi a piriz mai wuta.

Gyaran gidan Hajiya daga aljihun maigidana ya fito: sabuwar waya ƴar 2.5 tun daga tablo, sabon bwat, da fentin bango. Bai cire ko dala daga abin da yake ba ni ba. Abin da ya yi, ya ba ni turnabis da kujera ya ce in bi duk bwat ɗin da ke gidan, ɗaki-ɗaki, in buɗe in ja kowace waya. Goma sha ɗaya ne. A uku daga ciki na samu bis da ya saki, kuma ba ni na ɗaura su ba.