Asabar a Filin Burji

Yau bayan la'asar aka buga wasan rukunin jiha a wani filin unguwa da ke gefen birnin Kano. Matakin nan yana ƙarƙashin gasannin ƙasa guda uku: NPFL mai ƙungiyoyi 20 a sama, sai NNL, sai NLO. Kada a raina masu buga ƙasa, domin Kano Pillars da ta ɗauki kofin lig a 2008, 2012, 2013 da 2014 ita ma ta faɗa NNL a 2022, sai a 2023 ta dawo.

An sa wasan ƙarfe huɗu, ba a take ba sai huɗu da kwata. Tantance katunan 'yan wasa ne ya ci lokacin: ana kiran suna, ana duba hoto, ana duba fuska. A hunturu wannan jinkiri ba ƙaramin abu ba ne. Minti 45 sau biyu da hutun minti 15 sun kai awa ɗaya da minti 45, ga ƙarin lokaci, ga fili babu fitila, magariba kuma ba ta wuce shida da 'yan mintoci.

Filin burji ne, da ɗan rairayi a bakin ragogi biyu inda ƙafa ta tone. Da toka aka ja layuka, kuma kafin rabin lokaci layin gefen da 'yan kallo suke ya shafe. Wanda ya ja su dai ya san aikinsa. Da igiya ya auna mita 11 zuwa ɗigon fanareti, da mita 16.5 na gidan gola. Ragar gabas ce ke da matsala, an ɗaure ta da tsumma a kusurwar sama, sai da lasman ya sa aka ƙara ɗaurewa. Yana da gaskiya. Raga mai huji ita ke haifar da gardamar "ta shiga, ba ta shiga ba", a nan kuwa babu kyamarar da za ta raba.

Ni a ganina tun wajen jefa kwabo aka ci wasan. Filin ya miƙe ne gabas da yamma, alhali filin ƙwallo na ƙwarai kudu da arewa ake shimfiɗa shi saboda rana. Tun 2019 doka ta bai wa wanda ya ci kwabo zaɓi, ko ya take ko ya zaɓi raga. Kyaftin ɗin masu gida ya ci kwabon, ya zaɓi su fara tsare ragar gabas. Ma'ana a zagayen farko iskar hunturu, mai tasowa daga arewa maso gabas, tana bayansu, rana kuma ba ta sauko ba tukuna. In an juya, iska ta ɗan lafa, rana ta yi ƙasa, golan baƙi ne zai tsaya yana fuskantarta ido da ido.

Baƙin sun fi iya taɓa ƙwallo, wannan ba gardama. Sun zo da wasan ciyawa: gajeren fasin daga baya, gola ya ba lamba biyar, lamba biyar ya ba lamba shida. A kan burji ƙwallo ba ta kwanciya, tana tafe tana tsalle, kuma tsalle na ƙarshe shi ke cin amana. Ga ta an cika mata iska. Doka ta yarda da awo daga 0.6 zuwa 1.1, amma wanda ya san ƙasa mai tauri yakan tsaya kusa da na ƙasan. Uku daga cikin baƙin ma da takalmi mai ƙusar ƙarfe suka shigo. Ƙusar ba ta nitsewa a burji, sai mutum ya riƙa zamewa, tafin ƙafa na zafi. Masu gida duk gajerun haƙoran roba ne a ƙafarsu, golansu da dogon wando, kuma ba wanda ya kwanta sharar ƙafa sai da larura, domin ƙasar nan fata take ɗauka.

Cin farko daga nan ya zo. Lamba shida na baƙi ya miƙa ƙafa zai tare fasin, ƙwallo ta daki tsakuwa ta tashi ta bugi ƙwaurinsa, lamba tara na masu gida ya tsince ta ya doka ƙasa-ƙasa ta kusurwar nesa. Wani dattijo da ke zaune kan benci kusa da mai rake ya ce wa saurayin gefensa, "Kai yaro, ka ga bai jira ta zauna ba?" Saurayin ya ce, "Wallahi Baba, da ya tsaya gyarawa da sun cim masa." Abin da filin ƙasa ke koyarwa ke nan, kuma lamba taran nan ya koya. Ba shi da jiki, amma kafin ƙwallo ta iso ya riga ya waiga sau biyu.

Baƙi sun farke kafin hutu da bugun tazara mai kyau. Alƙalin wasa ya taka mita 9.15, katanga ta matso taku biyu da ya juya baya, tunda ba shi da kumfar shata layi, amma duk da haka ƙwallo ta haye su.

Bayan an dawo sai rigima ta so tashi. Golan baƙi ya rungume ƙwallo yana cin lokaci, alƙali ya ɗaga hannu yana ƙirga da yatsu, ya busa, ya nuna kwana. Benci ya miƙe, ana "ina aka taɓa yin haka?" Alƙalin ne da gaskiya. Daga Yulin 2025 gola ba ya wuce daƙiƙa takwas da ƙwallo a hannu, alƙali na ƙirga biyar na ƙarshe a fili, hukuncin kuma kwana ne. Aka bugo ta sama, golan ya fito ido cikin rana, ba hular kare haske, ya daki iska, aka sa mata kai. Biyu da ɗaya.

Abin da ya dame ni shi ne tsaro. Igiya ɗaya ce tsakanin 'yan kallo da lasman, 'yan sintirin unguwa kaɗan ne ke riƙe da ita, kuma da aka ci ƙwallon sai da aka ɗauki mintoci ana korar yara daga fili. Mutumin da ake numfashi a ƙeyarsa da wuya ya ɗaga tutar satar gida a kan masu gida, ko da ya gani. Ja da igiyar baya mita biyu ba ya cin ko sisi. Haka ƙwallaye, biyu kacal aka kawo, ɗaya ta faɗa gidan maƙwabta ba ta dawo da wuri ba.

Wajen minti 75 jijiya ta fara ɗaure wa baƙi, mutum biyu suka kwanta. A hunturu gumi na bushewa nan take, ɗan wasa ba ya jin ƙishi har sai ƙafa ta ƙi. Buhun ruwan leda ɗaya suka zo da shi, ya ƙare tun a hutu. Akwatin magani kuwa babu komai ciki sai man zafi da bandeji, babu ƙanƙara, babu gadon ɗaukar mara lafiya. Ɗan bayansu da ya gurɗe a idon sawu, abokansa ne suka tallafe shi zuwa adaidaita sahu.

An tashi biyu da ɗaya ana kiran magariba, masu gida sun ɗauki maki uku. Kocin baƙi ya je ya gaisa da alƙali, ya tambaye shi batun daƙiƙa takwas ɗin, suka tsaya a tsakiyar fili alƙalin yana nuna masa yadda ake ƙirgawa.