Kafin ka cire kafireta ka ɗaura injekta

Ƙannena masu koyon gyaran mota, da yawanku kun taso kun ga ana cire injekta daga mota ana mayar mata da kafireta, don a samu abin da sukundireba zai iya gyarawa a bakin hanya. Yanzu wasunku na son yin akasin haka, kuma ina goyon bayanku. Injin da aka juya zuwa injekta yadda ya kamata yana tashi bugu ɗaya da sanyin hunturu, yana rage shan mai, ba ya ɗaukewa a hawa. Sai dai ni na shiga aikin ta bayan gida, kuma ba na so ku yi asarar da na yi.

Motar tsohuwar Hilux ce mai injin 22R, silinda huɗu, lita 2.4. Tun kafin wannan aiki na riga na taɓa injin: na sa masa kamshaf mai buɗe bawul sosai, na faɗaɗa salansa, na ɗaura masa kafiretar Weber 32/36. Da na tashi juyawa, sai na sayo kayan 22R-E, wato ɗan'uwan 22R mai injekta, na Beljiyam gaba ɗaya, manifol da wayoyi da ƙwaƙwalwa (ƙaramar kwamfutar da ke ƙayyade man da za a zuba wa inji), a tunanina tunda gida ɗaya suka fito dole su zauna lafiya. Kusoshi kam sun shiga. Amma ƙwaƙwalwar kamfani an tsara ta ne don injin da ba a taɓa ba, kuma ba a buɗe ta a sauya mata lissafi. Ma'aunin iskar 22R-E wani marfi ne da iska ke turawa, shi kuwa babban kamshaf a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, yana dawo da iska baya. Sai marfin ya riƙa kaɗawa, mota tana hawa tana sauka, na tsaya a danja ta mutu. Idan injinka an riga an taɓa shi, nemi ƙwaƙwalwar da ake haɗawa da kwamfuta a saita ta, irin su MegaSquirt ko Speeduino. Kuma tun kafin ka biya kuɗi ka san wanda zai yi saitin, ko ka ɗaura ɗamarar koyo da kanka.

Inda na fi cutuwa shi ne hanyar mai, don haka ku saurare ni da kyau a nan. Kafireta tana aiki da ƙarfin mai kaɗan, psi 3 zuwa 7 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin turin mai), Weber ma ta fi son na ƙasan. Injekta kuwa tana bukatar wajen psi 40, wasu na'urorin har 58. Ni na sa sabon famfo na bar tsohon tiyo da tsoffin kilif, don a ido lafiyarsu lau. Wata yamma na ji warin fetur, na ɗaga bonet, sai ga wani siririn mai kamar zare yana tsartuwa daga gindin kilif, yana sauka ɗan taƙi kaɗan daga bututun salansa mai zafi. Jikina har rawa yake lokacin da na kashe makulli. Allah ne ya tsare. Duba rubutun da ke jikin tiyo: na injekta ana rubuta masa 30R9, na kafireta 30R7. Kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne. Kilif ma akwai na injekta, wanda ba ya yanka roba.

Sannan kafireta tana da ɗan kofin da ke riƙe mai, shi ya sa ko famfo ya zuƙi iska na ɗan lokaci ba ka ji. Injekta ba ta da wannan ajiya. Tsohon tanki ba shi da shinge a ciki, in mai ya yi ƙasa ka sha kwana ko ka hau gangare, man ya gudu gefe, inji ya ɗauke nan take. Maganinsa tanki mai shinge da famfo a ciki, ko ƙaramin tankin ajiya tsakanin babban tanki da famfo. Ka ja bututun da zai mayar da rarar mai tanki. In famfon a waje yake, ka ɗaura shi kusa da tanki kuma ƙasa da shi, domin turawa ya iya, bai iya zuƙa daga nesa ba. Filta biyu ake sawa, mai ɗan faɗin ƙofofi (maikiron 100) kafin famfo, mai ƙananan ƙofofi (maikiron 10) bayansa. Ku kun san irin man da muke sha a jarkar 'yan bumburutu in tafiya ta yi nisa. Dattin da kafireta za ta haɗiye, ramin injekta toshewa zai yi. A sauke tanki a wanke tsatsarsa tun farko.

Abu na gaba ya daɗe yana ruɗa ni. Bayan na sauya ƙwaƙwalwa, mota ta koma baƙin hayaƙi, fulogi na fitowa baƙi ƙirin, ni kuma ina ta rage mai a kwamfuta ina zargin na'ura. Ashe wata 'yar tsaga ce a waldar salansa, kafin hayaƙi ya kai ga sensar oksijin, mai auna iskar da ta rage a cikin hayaƙi. Iskar waje na shiga ta nan, sensa ta ce mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ƙara zubawa. Ita ƙwaƙwalwa ba ta ganin inji, abin da sensoci suka gaya mata shi take ɗauka gaskiya. Toshe duk wata kafa a salansa kafin ka taɓa saiti. Ka sa sensa mai karanta ainihin adadi, ba mai cewa ya yi yawa ko ya yi kaɗan kawai ba. A tafiyar yau da kullum ana neman iska kashi 14.7 ga mai kashi 1, in an take totur da kaya kuma 12.5 zuwa 13. Wajen walda, a ɗaga gindin sensar sama da kwance, aƙalla digiri 10, don kada raɓar cikin salansa ta kwanta a kanta.

Wayarin kada ka ba wanda zai murɗa waya da hannu ya naɗe da salatif. Famfo ya samu rile da fis nasa. Wayar da za ta kunna ƙwaƙwalwa dole ta kasance da wuta har lokacin da sitata ke juyawa, in ba haka ba ka yi ta bugawa mota ba za ta tashi ba. Ka nisanta wayoyin sensa da na fulogi, ka kuma auna ko tsohuwar altaneta za ta ɗauki ƙarin nauyin.

Kafin duk wannan, auna matsin kowace silinda, ka saita bawul da tayimin, ka tabbata manifol ba ya shan iska. Injekta ba ta gyara ringin da ya cinye. In kuma motar ita ke ciyar da gidanku, kada ka fara aikin sai ka tanadi kuɗin kammala shi da abin da za a ci yayin da take a tsaye. Kafiretar da ka cire ka wanke ta ka adana, tare da manifol ɗinta, har sai sabon tsarin ya yi doguwar tafiya da cikakken kaya a tsakar zafin bazara.