Yini Guda a Kwarin Mutuwa da Mota Mai Ɗaki

Tun da mahaifiyata Hajiya ta zo mana daga Katsina take ƙorafin Amurka ba ta da sarari: daga gida sai kanti, daga kanti sai gida. Wata uku tana tare da mu a Las Vegas, abin da take gani ta taga bai wuce katangar maƙwabta ba. Da hutun yara ya zo a watan Maris sai na ce bari in kai ta daji ta sha iska. Na je na yi hayar irin motar nan da Amurkawa ke kira RV, ɗaki sukutum a kan tayoyi, da gadaje da kicin da firji da banɗaki. Lasisin tuƙin da kowa ke da shi ya isa a ba ka ita. A wurin hayar an nuna min mai tsawon ƙafa 22 da mai ƙafa 30. Na lissafa mu biyar ne, ni da uwargida da Hajiya da yara biyu, na ɗauki babbar, ina ganin na yi dabara.

Mun kwana a Pahrump, muka yi Asuba muka kama hanyar Death Valley, wato Kwarin Mutuwa, a kan iyakar Nevada da Kalifoniya. Sunan ya samo asali ne daga masu neman zinare da suka maƙale a wurin a 1849. Ban fassara wa Hajiya sunan ba sai da muka yi nisa.

A kwanar farko ƙofar kabad ta buɗe, robar manja ta faɗo ta yi rawa a tsakar motar. Duk abin da ba ka kulle ba a irin wannan mota, hanya za ta buɗe maka shi. Muka goge, muka ci gaba.

Wurin da na fi ɗokin nuna mata shi ne Dante's View, wani tsauni mai tsayin sama da mita 1,600 inda ake hango kwarin gaba ɗaya. Mun saki babbar hanya, mun fara hawa, sai ga allo: motar da ta wuce ƙafa 25 ba ta ƙarasawa sama, saboda ƙarshen hanyar tudu ne mai tsananin hawa da kwanoni.

"Baban yara, tamu ƙafa nawa ce?" in ji uwargida, alhali ta sani.

"Talatin."

Hajiya ba ta kama sunana, ni ne ɗan fari. Daga baya na ji muryarta: "Kai wannan, ka auna gado ba ka auna hanya ba."

Juya motar kaɗai ya ci kusan minti goma, uwargida a ƙasa tana ɗaga min hannu kamar yaron mota. Wannan bayani fa yana nan a rubuce a shafin hukumar da ke kula da wurin, ni ne ban karanta ba, hotuna na tsaya kallo.

Zabriskie Point ya ɗan wanke min fuska. Akwai filin ajiye mota babba, sai ɗan hawa da ƙafa. Daga sama ka ga tuddai masu launin ƙasa-ƙasa da rawaya sun nannaɗe kamar an yamutsa zane, ba ciyawa ko ƙwaya. Laka ce ta wani tsohon tafki da ya ƙafe, ruwan sama da iska suka yi ta sassaƙa ta. Hajiya ta daɗe tana kallo, ta ce Allah mai iko, sannan ta tambaya ina mutanen nan suke kiwo. Na ce ruwan da ake samu a shekara a ƙasan kwarin bai fi santimita biyar ba. Ta ce to ba gari ba ne. Amma gari ne ga wasu: 'yan ƙabilar Timbisha Shoshone suna zaune a nan tun kafin zuwan Turawa, har yau kuma suna da unguwarsu a Furnace Creek.

Gangarowa zuwa Furnace Creek ɗin ne na koyi abu na biyu. Tun daga saman tudu hanyar ke sauka har ƙasa da matakin teku, ni kuma ƙafata na kan birki kamar ina tuƙa ƙaramar motata. Sai wari ya fara shigowa, irin na ƙonewar roba. Na faka a gefe, muka jira ya huce. Motar da ke ɗauke da gida da tankin ruwa ba a riƙe ta da birki a doguwar gangara, ƙaramar giya ake sa mata injin ya riƙe ta. An gaya min haka a wurin haya, a lokacin hankalina na kan yadda ake shimfiɗa gado.

A ofishin baƙi akwai babban ma'aunin zafi a waje da kowa ke hoto da shi. A nan ne ranar 10 ga Yulin 1913 aka auna zafi digiri 56.7, wanda har yau shi ke rubuce a matsayin mafi tsanani a duniya. Ranar da muka je 33 ya nuna. Hajiya ta yi dariya, ta ce wannan ai sanyin safiya ne a watan Afrilu. Sai dai iskar wurin busasshiya ce ƙwarai, zufa na fitowa tana bushewa, ba ka sanin kana zubar da ruwa sai kai ya fara sara. Muka kama wuri a sansanin Sunset, fili ne na tsakuwa ba wuta ba famfo a jikin mota, muka ci shinkafa da miya, muka nufi kudu.

Badwater kimanin kilomita 27 ne daga nan. Shi ne wuri mafi zurfi a Arewacin Amurka, mita 86 ƙasa da matakin teku. In ka ɗaga kai ka dubi dutsen da ke bayan filin motoci, can sama an kafa allo mai nuna inda teku zai kai. A gaba kuwa gishiri ne fari fat har iyakar gani, ya tsattsage gida-gida kamar saƙar zuma, can ƙetare kuma tsaunin Telescope da ƙanƙara a kansa. An ce wani mai safiyo ne ya sa wa wurin suna Badwater, wato mummunan ruwa, da alfadarinsa ya ƙi shan ruwan wurin. Hajiya ta dangwala yatsa ta lasa, ta ce bai kai kantun Bilma daɗi ba, irin wanda Buzaye ke kawowa a raƙuma tana yarinya. Ta so ta ƙulla kaɗan a bakin gyale. Na ce doka ta hana ɗaukar ko tsakuwa. Ta dubi filin nan ta dube ni, ba ta ce komai ba.

A hanyar dawowa akwai Artists Drive, hanya mai bi ta cikin duwatsu masu launin kore da shunayya. Allo iri ɗaya, ƙafa 25. Wannan karon ko rage gudu ban yi ba.

Matsalar da ta fi ba ni kunya ta ruwa ce. Motar tana da tankuna uku: na ruwa mai kyau, na ruwan wanke-wanke da wanka, da na masai. Mu kuwa mun saki famfo kamar muna gida. Yara sun yi wanka, an wanke shinkafa, an wanke tukwane, kowa ya yi alwala da famfo a buɗe. Kafin La'asar fitilar awo ta nuna ruwa ya kusa ƙarewa, ƙasan wurin wanka kuma ya fara tara ruwa mai kumfa, wato tankin wanke-wanke ya cika yana dawowa. Hajiya ta tashi ta karɓi mulki. Ta ciro butarta daga jaka, ta ce daga yanzu buta ɗaya alwalar mutum biyu, kwanuka a roba za a wanke, ɗauraya ɗaya. Jikanta ya fara gunaguni, ta ce, "Maigida, ni da na ɗauko ruwa a ka daga rijiya ba ka isa ka koya min wanka ba."

Zubar da tankunan nawa ne. Akwai wurin da aka tanada a Furnace Creek. Ka sa safar hannu, ka ɗaura tiyo ka tabbatar ya kama, ka fara buɗe na masai, sannan na wanke-wanke ya bi ya wanke tiyon. Wani dattijo Bature da ke layi a bayana ne ya hana ni yin akasin haka, Allah ya saka masa.

Mun ɗan leƙa Harmony, kangon masana'antar borax ta shekarun 1880, wani gishirin ƙasa da ake sawa a kayan wanki. Manyan amalanken suna nan. Dabbobi ashirin ke jan su, galibi alfadarai, tafiyar mil 165 zuwa tashar jirgin ƙasa ta Mojave, da tankin ruwansu a baya. Ina kallon tankin ina tuna nawa.

Magariba ta same mu a tuddan yashin Mesquite kusa da Stovepipe Wells. Waya ba ta da sabis, amma na sauke taswira da alƙibla tun daga gida, abu ɗaya ke nan da na shirya daidai. Muka shimfiɗa darduma a yashi, yara suna gangarawa daga tudu.

Da dare, bayan an kashe janaretoci a sansanin, muka fito da kujeru. Ban taɓa ganin taurari haka a Amurka ba. Hajiya ta nuna wa yaran Kaza da 'ya'yanta can wajen yamma, ta ce rabonta da ganinsu tar haka tun kafin a kawo lantarki unguwarsu. Can ta ce, "Kai wannan, dutsen nan da ba mu hau ba, yaushe za mu dawo?" Na ce da ƙaramar mota, in sha Allah. Ta ce ita dai a bar mata gadon baya.