Sunan da na ƙi rubutawa

Na sauka Ingila a watan Disamba, lokacin da ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya rufa. Aikin dare na samu a wani gidan kula da tsofaffi. Watanni ukun farko, in na durƙusa, addu'ata ba ta wuce kaina: takardu, kuɗin haya, sanyin nan mai ratsa ƙashi. Ranar Lahadi in je coci in zauna kamar an dasa ni, baki na bin waƙa, zuciya na can tana lissafi. A nan na gane tambayar da ke cikin Zabura ta 137, ta yadda za a rera waƙar Ubangiji a baƙuwar ƙasa.

A wurin aikin akwai wani dattijo a ɗakin ƙarshe. Da na shigo sai ya juya fuskarsa bango. Wata rana ya ture kofin ruwan da na miƙa masa, ya ce a kira masa wata, ba ni ba. Na san dalili, shi ma ya san na sani. Na goge ruwan, na fita ina cizon leɓe.

Wata dattijuwa a cocin, Mama nake ce mata, ita ta ja ni taron addu'ar ranar Laraba. Mu shida ne kawai. Sai a daɗe ana yabo da godiya, ba roƙo ko ɗaya. Gaskiya abin ya ƙona mini rai da farko, ni da na zo da buƙatu cike da baki. Bayan haka kowa ya rubuta a takarda sunan wani da zai yi wa addu'a, ban da nasa.

Ranar aka karanta Irmiya sura 29, wasiƙar da annabin ya aika wa mutanen da aka kwashe zuwa Babila. Bai ce musu gobe za ku koma ba, shekara 70 aka ɗiba musu. Ya ce su gina gidaje, su shuka lambuna, su yi wa birnin addu'a, domin zaman lafiyarsa shi ne nasu. Birnin waɗanda suka kama su fa!

Na riƙe biro, hannuna ya ƙi motsi. Mama ta leƙo ta ce, "'Yata, wanda ya fara faɗo miki a rai, shi ɗin ne."

Sai da na yi mako biyu kafin na rubuta sunan dattijon nan. Abin da ya hana ni, ina son Allah ya rama mini tukuna. Ga shi ba yadda za a yi ka gama kiran Allah Ubangiji, sa'an nan ka tsara masa wanda zai yi wa jinƙai. Yabon ne ya riƙa sassauta mini hannu, har na iya furta abin da Yesu ya faɗa a Getsamani, cewa nufin Uba za a yi, ba nawa ba. Ayuba ma sai da ya yi wa abokan da suka ɓata masa rai addu'a kafin al'amarinsa ya juya.

Dattijon bai zama abokina ba. Har yanzu wani daren bango yake kallo. Ni kuwa nakan tsaya bakin ƙofarsa wajen ƙarfe uku, in ambaci sunansa a hankali, in gyara masa bargon da ya zame, in wuce ɗaki na gaba.